Goro Na Buɗe Ido, Amma Ba Ya Tsayar Da Hannun Maharbi

Yau ina so in tsoma baki cikin wata magana wadda da jin farko za a ce ba ta shafi mai awo ko mai tallar goro ba, wato maganar harbi. To amma ina roƙon Alhazai da Hajiyoyin kasuwa su yi haƙuri su bi ni a sannu, domin kuwa kibiyar da zan yi magana a kanta a bakin rumfunanku ake ɗana ta, shayin da mai ita yake sha kuma daga teburinku ya fito.

Shekarun baya, tun kafin fitinar nan ta shigo mana, na taɓa bin wani dattijo maharbi zuwa bakin Komadugu, gabas da garin Diffa ta wajen Geskeru. Lokacin sanyi ne, kogi ya kawo, agwagin ruwa sun sauka a fadamu. Tare da mu akwai wani saurayi ɗan ƙanensa, wanda ya raba dare a fada ana dafa shayi, da asuba kuma ya kora da Nescafe mai kauri ba tare da ya sa komai a cikinsa ba. Shi kuwa dattijon ɗumame ya ci kafin mu fito, kuma da na miƙa masa goro a hanya sai ya karɓa ya yi godiya ya jefa aljihu. Abin da na gani a ranar har yau bai bar ni ba. Duk tsuntsun da ya motsa, saurayin nan ne ke fara hango shi, idonsa tar kamar na shaho. Amma da ya ɗaga harba-ka-ruga sai in ga bakin bindigar yana zana ƙananan da'irori a iska, ga shi kuma ba ya iya jira. Sau biyu ya harba, sau biyu tsuntsaye suka tashi lafiya lau. Dattijon harbi ɗaya ya yi, ya ɗauko dinyarsa, sannan ya zauna ya ɓare goron nan ya ba ni ɓari. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce shi a wurinsa goro abokin jira ne, in lokacin harbi ya matso ba ya son sa a baki.

A wancan zamani abin dariya ne, iyakacin asarar albarushi da kunyar komawa gida hannu rabbana. Yanzu kuwa kiɗa ya canja. Tun daga ranar 6 ga Fabrairun 2015, da 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, rayuwar kwarin Komadugu ba ta koma yadda take ba. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur, an hana cinikin tattasai da na kifi, waɗanda su ne ƙashin bayan arzikin jihar. Sai a 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai, na kifi kuma sai 2019. Babu wanda ya fi ɗan kasuwa sanin abin da waɗannan shekaru suka ci. Wanda ya sha wannan wuya, in Allah ya sa ya sake tara buhunan tattasai a shago, ba zai bar su a hannun kwado da makulli kaɗai ba. Sai ya nemo mai gadi. Jami'an tsaro ba za su tsaya a bakin kowace rumfa da kowane garke ba, don haka mai gadin nan sau da yawa tsohon mafarauci ne, ko ɗan makiyaya da ya tashi da kwari da baka a kafaɗa. A ƙetaren kogi ma haka abin yake, kowa ya tuna yadda ɗaruruwan maharba suka taru a Maiduguri a 2014 bayan sace 'yan matan Chibok suna neman a bar su su shiga daji, da kuma yadda maharban Adamawa suka taimaka wajen ƙwato Mubi a ƙarshen shekarar. Mutumin da da yake auna zabo da gada, yau an ɗora masa auna inuwar da ke motsi cikin duhu, inuwar kuwa tana iya zama ɓarawo, tana iya zama Hajiya mai ƙosai da ta yi sammako.

To me muke ba wannan mutumi don ya kwana ido biyu? Kowa ya sani. Ganyen shayi, sukari, gawayi, ƙullin Nescafe, da goro biyu ko uku. Wasu masu shaguna ma sun mai da shi wani ɓangare na albashi, suna kuma ganin sun yi alheri.

Dukkan waɗannan abubuwa sinadari ɗaya ne ke aiki a cikinsu, wanda likitoci ke kira kafeyin. Shi ne a goro, ko ɗan Shagamu ne ko na Gwanja, fari ko ja, kuma a busasshen goro yakan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa, abin da ke nufin marsa guda ɗaya tana iya zarce kofin Nescafe ƙarfi. Shi ne a ganyen shayi, kuma irin dahuwar da muke yi a 'yar buta, ganye da yawa ruwa kaɗan a bar shi yana tafasa, tana tatso mafi yawansa tun a zagayen farko, wannan mai ɗacin da matasa ke rububi. Gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80. Hatta ƙwayar Panadol Extra da ake sha don ciwon kai, kowace ɗaya tana da miligiram 65. Ke nan mai gadin da ya sha shayi zagaye uku, ya ci goro biyu, ya kaɗa Nescafe, kansa ya sara ya haɗiyi ƙwaya biyu, abu ɗaya yake ta ɗura wa cikinsa da sunaye huɗu.

Yadda yake aiki kuwa ba wuyar fahimta. Muddin mutum yana farke, akwai wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne mai kai saƙon cewa an gaji, a je a kwanta. Kafeyin sai ya je ya zauna a ƙofar da wannan saƙo ke shiga ya tare ta. Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri: kamar mai bin ka bashi ne ya zo, yaronka ya ce masa ba ka nan. Bashin bai ragu da ko dala ɗaya ba, kuma gobe mai shi zai dawo da fushi. A lokaci guda kuma kafeyin yana zaburar da jiki irin zaburar da tsoro ke yi, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, 'yar rawar nan da ke hannun kowane ɗan Adam, wadda ba ma lura da ita sai mun zo zura zare a allura, ta ƙara girma. Yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma bayan kimanin awa 5 rabinsa yana nan a jini bai fita ba.

Wani zai ce ai 'yar rawar hannu ba wani abu ba ce. Bari mu yi lissafi, tunda lissafi sana'arku ce. Daga idon maharbi zuwa hannunsa mai riƙe da baka akwai kamar santimita 70. In hannun ya kauce da santimita ɗaya tak, wato ƙasa da faɗin ɗan yatsa, a lokacin da ya saki tsarkiya, to a nisan mita 30 kibiyar za ta kauce da fiye da santimita 40. Wannan ya kusa kamu guda. Rabin santimita ma ya isa ya raba maharbi da zabo. A bakin kasuwa kuwa, inda rumfa ke manne da rumfa, almajirai da 'yan gudun hijira na kwance a ƙarƙashin tebura, kamu guda shi ne tazarar da ke tsakanin buhu da mutum. Ku ƙara da sanyin hunturu na lokacin girbin tattasai, wanda shi kansa yana sa makyarkyata, ku ƙara da yunwa, wadda ita ma tana sa hannu rawa.

Masu gasar harbi ta duniya sun daɗe da sanin cewa a wannan fage natsuwa ita ce jari. A wasannin Olamfik ana harba kibiya daga nisan mita 70, kuma tsakiyar allon da ake nema faɗinta bai wuce santimita 12 da 'yan kai ba. Abin lura shi ne irin maganin da masu maguɗi a wannan wasa suke nema. Mutum na farko da aka taɓa kora daga Olamfik saboda shan abin da aka hana, wani ɗan ƙasar Suwidin ne mai suna Hans-Gunnar Liljenwall, a Meziko a 1968, kuma giya ya sha don jikinsa ya lafa kafin harbin ƙaramar bindiga. A 2008 a Beijin an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda an samu maganin rage bugun zuciya a jikinsa. Duk abin da zai kwantar da hannu suke bi har su karya doka. Kafeyin kuwa tun 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta cire shi daga jerin haramtattu, kowa na iya sha, amma da aka gwada shi a kan ƙwararrun masu harbin faifai a Ostiraliya a 2009, ba a ga wata riba da ya ƙara musu ba.

Sai dai kada mu zalunci goro, domin yana da ranarsa, kuma dattijon nan nawa bai yi kuskure ba da ya kira shi abokin jira. An yi gwaji a kan kuratan sojan ruwan Amurka da suka yi awa 72 kusan babu barci, aka ba wasu miligiram 100, wasu 200, wasu 300, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna waɗanda suka samu 200 zuwa sama sun fi saurin ɗaukar saiti, kuma harbinsu bai ƙara lalacewa ba. Amma fa bai gyaru ba. Rashin barci ya riga ya ɓata musu hannu, kafeyin ya dawo musu da sauri, bai dawo da daidaito ba. Wannan shi ne ainihin abin da na gani a bakin kogi. Kaɗan daga cikinsa yana taimakon mai tsaro ya lura da motsi, kada gyangyaɗi ya sace shi, kuma wannan amfani ne na gaske. Matsalarmu ita ce babu mai auna kaɗan ɗin. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta faɗa a 2015 cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, kada kuma ya wuce 200 a zama ɗaya. Da yawa daga masu gadinmu kafin ƙarfe 12 na dare sun tsallake wannan iyaka. A nan bari in ɗan ratse in gaya wa iyayenmu mata masu juna biyu cewa nasu ma'aunin 200 ne a duk yinin, don haka goron da ake ta taunawa a rumfa daga safe zuwa la'asar ya kamata a riƙa ƙirga shi.

Inda maganar ta fi yi mini nauyi shi ne barci. Mai gadin kasuwa da wuya ka same shi da sana'a ɗaya. Da rana dako yake yi, ko tura kura, ko aikin ban ruwa a lambun tattasai, domin abin da ake biyansa na gadi ba ya riƙe gida. In ya sha shayi mai kauri da ƙarfe 4 na asuba don ya ƙarasa dare, to da hantsi in ya samu ya kishingiɗa barcin ba zai yi nauyi ba, rabin abin yana nan a jininsa. Daren gobe sai ya ƙara ganye. Jibi ya ƙara. Masu bincike a Ostiraliya sun nuna tun 1997 cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, idonsa da hannunsa suna aiki kamar na wanda ya sha giya har ta kai ma'aunin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi. Likitocin sojan Amurka kuma sun gano abubuwa biyu da ya kamata kowane shugaban kasuwa ya ji. Na farko, a 2007, mutanen da aka hana barci awa 75 sun riƙa yin kasada wajen yanke shawara, kuma kafeyin bai raba su da wannan kasada ba. Na biyu, a 2016, mutanen da aka taƙaita wa barci zuwa awa 5 a kowane dare, kafeyin ya taimake su a kwanakin farko, amma bayan dare uku amfaninsa ya gushe. Dare uku kacal. Mu kuwa muna da masu gadin da suka shekara a haka.

Ku auna wannan mutumi da kyau. Bai yi barcin kirki ba tun makon jiya, cikinsa babu komai sai ruwan ɗaci da sukari, zuciyarsa na dukan uku-uku, kuma yana zaune a garin da kowa ya san ƙarar bindiga, inda tsoron da ke ransa ba na banza ba ne. Idonsa a buɗe, hannunsa na rawa, haƙurinsa ya ƙare. Mun ba shi baka da kibiya, wata ma da dafi, mun tafi gida mun kwanta. Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma wannan karin magana na daji ne. A cikin gari kuskure ya fi, sau dubu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda kowa ya sani ana kuma kau da kai, wato tramol. Asalinsa maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa miligiram 50 ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa ƙasashenmu har da mai 225. Wasu masu shayi suna narka shi a Nescafe su miƙa wa 'yan dako da masu gadi da sunan maganin gajiya. Wannan ƙwaya tana dusashe hankali, tana sa jiri, in ta yi yawa tana jefa mutum cikin farfaɗiya ko ta tsayar da numfashi. In aka haɗa ta da kafeyin sai a samu mutum ido buɗe, hankali a rufe. Duk wanda ya sayar wa mai riƙe da makami wannan haɗi, yana da kaso a duk abin da kibiyar ta taɓa, kuma ina ganin kwamitin kowace kasuwa yana da ikon tashin irin wannan tebur ba sai ya jira jandarma ba.

Na san abin da Alhaji zai ce: ciniki ya ja baya, naira ba ta da ƙarfi, hanyoyi ba su da tabbas, ina za a samu kuɗin mai gadi na biyu? Tambaya ce mai kyau. Amma shaguna goma da ke layi ɗaya, kowanne da ɗan abin da yake bayarwa na ganye da sukari da goro a wata, in aka tara aka ɗan ƙara, ai an kama hanyar biyan mutum na biyu. Sai a raba dare, ɗaya daga isha zuwa tsakar dare, ɗaya daga nan zuwa asuba, kowa ya samu awa 5 ko 6 a kwance. Inda mutum biyu suke tare tun da, a bar su su riƙa karɓa-karɓa, kuma mai shago ya daina ɗaukar gyangyaɗin minti 20 na ɗayansu a matsayin cin amana, alhali ɗayan na tsaye. Wannan ɗan barcin ya fi buta guda amfani. Hajiya mai abinci kuma, ragowar tuwo ko shinkafa da wake da za ki miƙa wa mai gadin layinku da magariba ya fi masa ƙullin Nescafe, domin cikin da ke da abinci ba ya karɓar ɗacin shayi da irin wannan zafi.

Su kuma maharba da masu gadi, ba na ce ku bar goro ba, kuma ba na ce ku yanke shi dare ɗaya ba. Wanda jikinsa ya saba, in ya daina kwatsam, cikin awa 12 zuwa 24 ciwon kai da kasala za su sauko masa, irin wanda da yawa daga cikinmu ke ji a farkon azumi, kuma mai ciwon kai shi ma ba ya saiti. A rage a hankali. Ɓarin goro ko ƙaramin kofi ɗaya a farkon dare, wani bayan awa 3 ko 4, ya wadatar. In an yi goro kada a ɗora Nescafe, in an yi shayi kada a ɗora lemon gwangwani mai ƙara kuzari. Akwai gwajin da ba ya cin ko dala: ka miƙe hannunka, ka ɗora 'yar takarda a bayan tafinka, ka duba gefenta. In tana kaɗawa kamar ganye, to daren nan tocila da usur ne makamanka, baka ya zauna a rataye. Mai zuwa farauta kuma ya yi irin ta dattijona, ya ci abinci, ya ajiye goronsa a aljihu sai an gama.

Saura ku iyayenmu mata masu sammako, musamman ranar Talata da kasuwar Diffa ke ci, da masu shigowa daga ƙauyukan bakin kogi da kaya a ka ko a amalanke tun gari bai waye ba. Kafin shugabannin kasuwa su zauna su gyara tsarin gadi, ku sani cewa tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba shi ne lokacin da barci ya fi danne ɗan Adam, kuma shi ne lokacin da mai gadi ya fi cika cikinsa da shayi. Kada ku ratso ta bayan rumfuna shiru don gudun tashin mutane. Ku biyo ta babbar hanya, ku haska tocila a jikinku da kayanku maimakon fuskarsa, ku yi sallama da ƙarfi tun daga nesa, ku kira shi da sunansa, kuma kada ku matso sai ya amsa.